Wa zai biya ranar ɗan agaji?

A 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Daura, wadda kamfanin CCECC na China ya gina a matsayin gudummawa ga al'umma. A shekarar ce kuma aka kafa kwalejin fasaha ta tarayya, aka buɗe asibitin sojin sama. Masu albashi sun ƙaru a garin. Sai dai gini ya fi sauƙin bayarwa a kan lokacin ma'aikaci, kuma a nan gizo ke saƙar.

Dubi masu tare cunkoso ranar hawan Sallar Gani, ko masu tsayuwa a ƙofar asibiti idan an yi haɗari a hanyar Kongolam. 'Yan agajin Jama'atu ne, da na Izala, da na Fityanu. Cikinsu akwai malaman makaranta, direbobi, masu gadi. Galibi kakin da ke jikinsu da kuɗinsu suka ɗinka. In aikin ya faɗo ranar Talata, sai mutum ya je gaban maigidansa yana murza hannu: "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da yau." Wani maigidan ya sake shi. Wani ya ce Allah ya ba da lada, ƙarshen wata kuma ya zaftare kuɗin ranar.

Ma'aikaci yana lura. Ya san bambancin wurin da ya ba shi rana da wurin da ke kiransa ran Asabar, a sa masa riga mai tambarin kamfani, ya yashe kwata don hoton Facebook. Wannan na biyun, a idonsa aikin tilas ne, ko da wane suna aka raɗa masa. A gayya, mai gona ke kawo fura. Yanzu ana son yabon gayya ba tare da an dama komai ba.

Lissafin ma ya sauya. Tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin mota daga Baure ko Mai'aduwa ya zama abin tunani ga mai albashin naira 70,000. A Birtaniya, ma'aikatan gwamnati na da ranakun sa kai da ake biyansu, a rubuce. A nan abin ya dogara da fuskar da maigida ya tashi da ita, kuma matashin da ya ga an yanke wa yayansa albashi ba zai yi gaggawar ɗinka kaki ba.