A Auna Kayan Gini Da Mudu Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ya san ba a ciniki sai da mudu. Mai kaya yana iya rantsuwa cewa geronsa ya fi na kowa auki, amma mai saye ba zai sa hannu a aljihu ba sai ya ga an cika mudu a gabansa. Abin mamaki shi ne, a kasuwar kayan gini, inda Gwamnati da jama'a ke zuba dukiya mai ɗimbin yawa kowace shekara, mudu ɗaya tak ake aiki da shi, watau mudun ƙarfi da ƙarko. Alhali kuwa akwai na biyu wanda ƙasashe da dama suka riga suka ɗauka, shi ne mudun da ke auna ɓarnar da kayan suka yi wa muhalli kafin su iso hannun magini.

Mudu na farko sananne ne. Wanda ya duba buhun siminti zai ga an rubuta 32.5 ko 42.5, lambar da ke nuna ƙarfin da simintin zai yi bayan kwana 28 da kwaɓa shi. Zai kuma ga tambarin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1971. Wannan aiki ne mai kyau ƙwarai, domin ƙasar da ta sha ganin benaye suna rushewa a kan mutane ba ta bukatar a gaya mata amfanin siminti mai ƙarfi. Sai dai buhun bai faɗi kome ba game da abin da aka ƙona, da abin da ya tashi sama, kafin a same shi.

Yadda ake yin siminti kuwa shi ne, a haƙo dutsen farar ƙasa, a niƙa shi da yumɓu, sa'an nan a gasa su cikin tanderu mai zafin digiri 1,450 har su dunƙule su zama abin da ake kira kilinka. A wajen gashin nan iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya, tana fita ta hanya biyu. Ɗaya daga man da ake ƙonawa, ɗaya kuma daga jikin dutsen kansa, kuma ta dutsen ita ta fi yawa, don haka ko an canja mai ba a rabu da ita ba. A matsakaicin lissafi na duniya, kowane tan na siminti yana fitar da kusan kilo 600 na wannan iska, watau buhu ɗaya mai kilo 50 yana da alhakin wajen kilo 30. Idan aka tara duka, masana'antun siminti su ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke saki. Masana'antun ƙarfe, inda rodi ke fitowa, su ma nasu kason bai gaza haka da yawa ba.

To, mudu na biyu wata takardar shaida ce da masana'anta ke fitarwa ga kowane irin kaya, wadda a duniya aka san ta da haruffan EPD. Kafin a rubuta ta sai an bi diddigin kayan tun daga ramin da aka haƙo dutse, da motar da ta ɗauko shi, da wuta da ruwan da masana'anta ta ci, har zuwa ranar da za a rushe ginin a kwashe ɓaraguzansa. A kowane mataki ana lissafta iskar da ta fita, da ruwan da aka ɓata, da sharar da aka bari. Bayan haka tilas ne wani gwani wanda ba ya cin albashin kamfanin ya bincika lissafin ya sa hannu. Takardar kuma shekara 5 take yi, sa'an nan a sake awo.

Wannan al'amari ya daɗe. Ƙasar Suwidin ta kafa tsarin rajistar irin waɗannan takardu tun 1998. A 2006 aka fitar da ƙa'idar duniya mai lamba ISO 14025, a 2012 kuma ƙasashen Turai suka yi tasu ta musamman don kayan gini, mai lamba EN 15804. Holand ta wajabta lissafin illar kayan gini ga sababbin gidaje da manyan ofisoshi daga 2013. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2017 cewa kamfanin da ke son sayar wa gwamnatin jihar ƙarfe ko gilashi sai ya gabatar da takardarsa. Faransa ta sa iyaka ga kabon na sababbin gidaje daga Janairun 2022. Daɗin daɗawa, tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta fara tambayar masu shigo mata da siminti da ƙarfe da taki adadin kabon da ke cikin kayansu, daga 2026 kuma lissafin ya koma na kuɗi.

A ƙasar nan ba a rasa dokoki ba. Akwai Doka mai lamba 86 ta 1992 wadda ta ce a bincika illar babban aiki kafin a fara shi. Akwai hukumar tabbatar da dokokin muhalli da aka kafa a 2007, da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021, shekarar da Nijeriya ta yi alkawari a taron Gilasgo cewa nan da 2060 iskar da take fitarwa ba za ta wuce wadda take kawarwa ba. Amma dokar 1992 wurin aiki take dubawa, ba ta leƙa cikin buhu. Ƙasar da ke da manyan masana'antun siminti a Kalambaina da Ashaka da Obajana da Ewekoro, ta yaya za ta cika alkawarin 2060 idan ma'aikacin da ke rubuta sharuɗɗan kwangila ba shi da lambar da zai gwada wannan buhu da wancan?

Akwai masu cewa wannan damuwar masu ƙoshi ce. Suna cewa Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na iskar duniya, kuma talakan da tsadar siminti ta hana shi rufa ɗakinsa ba shi ne za a ɗora wa sabon nauyi ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, amma ya kamata a tuna cewa takardar ba ta hana kowa saye ko sayarwa, awo kawai take yi. Kuɗin awon ba wani abu ba ne ga masana'antar da ke fitar da miliyoyin tan a shekara. Har ila yau, abin da ke rage kabon sau da yawa shi ne ke rage tsada, domin kilinka shi ya fi cin mai. Masu bincike a Suwizalan da Kyuba da Indiya sun nuna cewa idan aka maye gurbin wani kaso na kilinka da gasasshen yumɓu da garin farar ƙasa, ana iya rage iskar da kusan kashi 40 cikin 100, yumɓu kuwa ba abin da ƙasar nan ta rasa ba ne.

Duk da haka akwai ramuka biyu da za a kiyaya. Na farko, kada a ɗauki takardar a matsayin shaidar tsarki, domin kayan da suka fi kowane ƙazanta ma suna iya samunta. Amfaninta yana wajen gwada ta da wata. Idan kuma mai bincike ya zama ɗan amshin shatar kamfani, to, an koma cinikin biri a sama da hatimi a kansa. Na biyu, kada a aro alƙaluman Turai a liƙa wa kayan gida. Masana'antar da ke aiki da janareto, ta kuma yi jigilar kayanta da tirela tafiyar kwana biyu, lissafinta dabam yake da na wadda ke da wutar lantarki da jirgin ƙasa a ƙofarta.

A nan ne aikin ɗalibai da malamansu ya taso. Tubali da jar ƙasa da azara, waɗanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da irinsu a ƙarni na 19, ba su da kamfanin da zai biya a auna su. Idan aka wayi gari ba a karɓar kaya sai da takarda, kayan gargajiya ne za su fara faɗuwa, ko da yake ba a gasa su a tanderu ba. Wajibi ne Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda ke aiki tun 1978, ta haɗa kai da sassan koyar da gini na jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero, su auna waɗannan kaya su buga sakamakon kowa ya gani.

Saura kuma Gwamnati, wadda ita ce babbar mai sayen siminti da rodi. Ba sai an bi masu buga bulo na bakin hanya ana neman takarda ba. Ya isa Hukumar Kula da Kwangilolin Gwamnati da Ma'aikatun Ayyuka su ba manyan masana'antu wa'adi, bayansa duk mai neman babbar kwangila ya haɗa da takardar awon kayansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mafi yawan gidaje da makarantu da gadojin da jama'ar ƙasar nan za su bukata kuwa ba a ma aza harsashinsu ba tukuna. Allah ya sa masu iko su duba.