Wa Ya Aike Mu Sayen Tsohuwar Marsandi?

Duk wanda ya bi Titin Zariya da la'asar sakaliya, tun daga Dangi har ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi Unguwa Uku, ko kuwa ya karya ta Titin Maiduguri ya bi ta Tarauni, idan dai yana da idon lura, zai ga abu biyu. A bakin titi zai ga motocin alfarma an wanke su an jera, Marsandi da BMW da Range Rover, suna walƙiya kamar yau aka ƙera su. In ya kutsa cikin unguwa kaɗan, sai ya tarar da 'yan'uwan waɗannan motoci a gindin darbejiya, an ɗora su kan duwatsu, ƙura ta rufe gilashi, akuya ta mai da ƙarƙashinsu wurin tuƙa. Masu waɗannan na gindin bishiya ba attajiran Kwari ba ne, ba kuma manyan 'yan siyasa ba ne. Yawancinsu irinmu ne: wanda ya gama bautar ƙasa bara waccan, da ƙaramin ma'aikacin da bai kai shekara biyar da kama aiki ba, da ɗalibin da gado ya faɗo masa tun hankali bai gama zaunawa ba. Saboda haka wannan magana da kanmu muke yi.

Abin da ke ruɗin mu shi ne araha. Dillali zai nuna maka motar da aka sayar da tsabar dukiya a Jamus ko Amurka shekara 15 da suka wuce, ya ce yau za ka same ta a kuɗin da bai kai na ƙaramar Toyota mai ƙarancin shekaru ba. Kai kuma sai zuciya ta raya maka cewa ka yi tsintuwa. To, shin mun taɓa tsayawa mun tambayi kanmu me ya sa ta faɗi haka? Baturen da ya saye ta sabuwa ba wawa ba ne. Ya more ta lokacin da kamfani ke ɗauke da nauyin gyaranta, da ya ga kwanakin nan sun ƙare, manyan gyare-gyare sun tunkaro, sai ya sallama ta. Kuɗin sayenta ne kaɗai ya sauka. Kuɗin riƙonta yana nan inda maƙeranta suka ajiye shi, daidai aljihun wanda aka ƙera ta dominsa. Wanda ya saye ta a Kano ya gaji bashin da wani ya gudu ya bari.

Ɗauki BMW M5 da aka yi tsakanin 2005 da 2010, mai silinda 10 da ƙarfin doki 500, wadda sabuwarta ta haura Dala 80,000 a Amurka. Ko a can ƙasashen da aka san kanta, ta yi ƙaurin suna wajen cin ƙarafan cikin inji da lalacewar famfon giya. Ko kuwa Marsandi E-Class ta 2002 zuwa 2006, wadda birkinta ke aiki da lantarki: kamfanin da kansa ya yi kiranyen motoci kimanin miliyan 1.3 a 2005 saboda matsalolin da suka haɗa da wannan birki. Wasiƙar kiranye tana zuwa ga mai mota a Stuttgart ko Houston. Wa zai kawo ta Tarauni, ga mutum na huɗu ko na biyar da motar ta faɗa hannunsa? Manyan Marsandi da Range Rover kuma a kan jakunkunan iska suke tsaye maimakon sifirin. Roba ce, tana tsufa tana tsagewa, ka kwanta da mota a tsaye ka wayi gari ta durƙusa kamar raƙumi.

Sa'an nan a dubi ƙasar da muka kawo su. An ƙera su domin shimfiɗaɗɗun titunan Jamus da sanyin Turai. Mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, hunturu ya zo da ƙurar da ke toshe kowace kafa, Agusta kuma ya mai da wasu titunanmu kududdufai, ga mota mai ƙasa-ƙasa wadda ƙwaƙwalwarta da wayoyinta ba sa shiri da ruwa. Siririyar tayar nan da ke ba mu sha'awa, rami ɗaya ya ishe ta, wani lokaci har da ƙarfen da take kai. Injin irin na AMG fetur mai ƙarfin oktan 98 aka tsara masa, alhali gidajen manmu iri ɗaya suke sayarwa ga kowa, da mai Marsandi da mai A Daidaita Sahu. Ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, ya lalata injunan mutane. Abin dariya abin takaici: ƙasar da muke kiran tsofaffin motoci da sunanta, ita ce kuma aka ɗebo man daga tasharta.

Yanzu mu zo ga lissafi, domin mu 'yan makaranta ne. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin fetur, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta tsallake 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A wannan shekarar ce gwamnatin Kano ta tsai da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 71,000. Tankin babbar Marsandi yana cin lita 80. Ke nan a ƙarshen 2024 cika tanki sau ɗaya ya fi albashin wata guda na ƙaramin ma'aikaci, kuma injin mai silinda 8 a cunkoson Titin Zariya ba ya sanin an zuba masa wani abu. Dala kuwa, wadda gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 a farkon 2023, ta kai 1,500 a 2024, kuma kowane ƙarfe na wannan mota da Dala ake auna shi, ko da a Ƙofar Ruwa ka saye shi. Juyen baƙin mai kaɗai lita 8 ne ko 9, na musamman, ba na galan ɗin bakin titi ba.

Daga nan ne haɗari yake farawa, domin wanda ba ya iya gyara na gaskiya dole ya koma ga dabara. Sai a sayo taya 'yar gwanjo wadda ta gama kwanakinta a wata ƙasa. Sai a cire matacin hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi a sayar. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai mai wayarin ya kashe fitilar, cutar na nan. Ba laifin makanikanmu muke gani ba. Mutanen da suka raya Peugeot shekara talatin da guduma da basira sun cancanci yabo. Amma motar da kwamfuta ke sarrafa birkinta ba a yi mata kame-kame. Ƙarfin doki 400 yana nan bai tsufa ba, birki da taya ne suka tsufa, sai kuma a ba yaro ɗan shekara 25 sitiyari ranar ɗaurin auren abokinsa ko ranar gama jarrabawa, ya hau titin da 'yan makaranta da masu talla ke tsallakawa. Asibitin Malam Aminu Kano yana nan a Gyaɗi-Gyaɗi, a bakin wannan titi. Wanda ke shakka ya je ya zauna a ƙofar sashen haɗurra yini guda.

Ba ma wannan ne ya fi damun mu ba. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo. Cikin waɗanda ke zuwa daga Amurka akwai na gwanjon inshora, waɗanda suka yi karo ko ambaliya ta shanye, aka buga aka fesa fenti. Mu da muke cika ɗakin taro da jawabai kan mulkin mallaka, mu ne kuma muke layi da kuɗinmu muna kwashe wa Turawa juji, har muna yi wa juna barka.

Iyayenmu ma sun yi nasu rawar kan. Da kuɗin Udoji suka faɗo a 1975 an sayi babura da motoci ba lissafi. Amma a shekarar ce aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, gwamnatin soja ta wancan zamani kuma ta mai da 504 motar manyan jami'anta. Babban sakatare da malamin makaranta mota iri ɗaya suke shiga, kayan gyaranta kuwa har a ƙauye. Yau ƙaramin akawu yana jin kunyar motar da babban sakatare ya yi alfahari da ita. Kuma idan albashi ya kasa ciyar da Marsandi, mun san inda ake nemo cikon: fayil ɗin talaka ya ɓace sai an ba da na goro, takardar biyan ɗan kwangila ta kwana a aljihun tebur. Da yawa ba da niyyar cin hanci suka shiga aiki ba, famfon giya ne ya lalace ana saura mako biyu albashi.

Jama'a ma suna da nasu kaso. Mai gadin da ke wangale ƙofa ga Marsandi ya tsare mai tafiya a ƙasa da tambayoyi, da surukan da ke leƙen abin da saurayi ya ajiye a ƙofar gida kafin su tambayi halinsa, da mu abokai da ke yi wa mai sabuwar tsohuwar mota kirari mu cika kujerar baya, ranar turi kuwa a neme mu a rasa.

Ba mu ce kada kowa ya so mota mai kyau ba. Attajirin da ke da wasu motoci uku a gida, in ya ga dama ya ajiye tsohuwar AMG ta fita ranar Juma'a, shi da dukiyarsa. Amma kai da albashi ɗaya ne gatanka, kafin ka miƙa wa dillali ko sisi, ɗauki lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, ka biya a binciko maka tarihinta a intanet. Je Ƙofar Ruwa ka tambayi kuɗin jakar iska ɗaya, da ƙwaƙwalwar inji, da sababbin tayoyi huɗu, ka ajiye jimillar kusa da takardar albashinka. In har yanzu zuciyarka na kanta, ba sai ka je bakin titi ba. Shiga lungunan Tarauni, ka yi sallama da mai wadda ke kan duwatsu, ka ce kana so. Kafin ku gama gaisawa zai aika yaro ya ɗauko makulli.