Baƙi'a ta san mutanenta, mu mun san namu?



Ya ɗan'uwa, idan Allah ya kai ka Madina, za ka ga maƙabartar Baƙi'a dab da masallacin Annabi (SAW) ta wajen gabas. Ƙasa ce da duwatsu, babu suna a kan kabari. Amma wanda ya san mutanen da ke kwance a cikinta, tarihin Madina yake karantawa.

Akwai Usmanu ɗan Maz'un, farkon wanda aka rufe a can daga Muhajirai. Akwai Ibrahim ɗan Manzon Allah, wanda ya rasu yana shan nono. Akwai Halifa Usmanu ɗan Affan, da aka kashe a shekara ta 35 bayan hijira, aka rufe shi a wata gona ta gefe, daga baya aka shigar da ita cikin maƙabartar. Akwai Imamu Malik, da ya rasu a shekara ta 179, wanda da fiƙihunsa iyayenmu suka koya mana alwala da sallah, daga Damagaram har Tawa.

Ba dutse ne ya riƙe waɗannan sunaye ba. Malamai ne suka tambaya, suka rubuta.

To, waiwayi tsohuwar maƙabartar garinku. Wa ya fara limanci a masallacin da kake sallah? Wane malami ya karantar da kakanka? Wa ya gina rijiyar unguwa? Da yawansu suna nan kwance, kuma dattawan da suka san su suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kushewar da aka manta mai ita, ba ta daɗewa sai ta zama juji ko filin gini.

Ba ina kira a yi gini bisa kabari ba ne, balle a roƙi mamaci. An halatta mana ziyara domin mu tuna lahira, mu yi musu addu'a. Sanin wanda kake yi wa addu'a kuwa ya fi taɓa zuciya.

Wannan Juma'a, bayan an sauko, ka zauna da dattijo ɗaya ko mai haƙa kabari. Tambaye shi, rubuta suna da aiki da zamani, ka ajiye littafin wurin liman. Abin da ba a tabbatar ba, kada ka ƙara masa gishiri.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshe. Amin.