Daga Kwarin Bujang Zuwa Kufan Surame

A daren Asabar ɗin da ta gabata muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida a nan Gidan Igwai, bayan sallar Isha'i, wani ɗalibina da ya zo gaisuwa ya ji ina shirin kai 'yan ajinsu ziyara Surame. Sai ya ce, cikin ladabi, "Malam, me za mu je gani a kufan mutanen da aka yi kafin Shehu?" Ban ga laifinsa ba. Haka muka reni 'ya'yanmu, suna ɗauka cewa tarihin ƙasar nan a 1804 ya fara, abin da ya gabata kuwa duhu ne da bai cancanci waiwaye ba. Amsar da na ba shi ita nake so in faɗaɗa yau, kuma zan ɗauko ta daga nesa, daga ƙasar Malesiya.

A arewacin Malesiya akwai jihar Kedah, wadda mafi yawan mutanenta Musulmi ne, sarkinta ma Sultan ake kiransa. A cikinta akwai Kwarin Bujang, inda aka tono harsashin ɗakunan bautar Hindu da Buda sama da 50, na zamanin da wurin ke zangon fataken teku tsakanin Indiya da Sin. Malayawa sun musulunta tun ƙarnuka da dama, amma ba su rushe wuraren ba. Gidan tarihi ma suka gina a Merbok don adana abin da aka tono. A 2013 wani mai gina rukunin gidaje ya baje ɗaya daga cikinsu, wanda ya haura shekara 1,000. Ƙasar ta ɗauki zafi, har aka dakatar da aikin.

Ba wanda ya ce imaninsu ya raunana saboda haka. Hasali ma, da irin wannan kulawa suka adana dutsen Terengganu mai tarihin 702 bayan Hijira, wato 1303, wanda aka sassaƙa wa hukunce-hukuncen Musulunci da rubutun Jawi, ajaminsu ke nan. Wanda ya ga kufan Bujang, sannan ya ga wannan dutse, shi ne zai fahimci irin tafiyar da Musulunci ya yi da waɗannan mutane.

To, mu dawo gida. Surame tana cikin ƙaramar hukumar Binji, tafiyar da ba ta cin yini daga Sakkwato. Muhammadu Kanta ne ya kafa ta a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga daular Songhai wajen 1516, ya mayar da ita fadar Kabi. Ganuwarta ta dutse ce, abin da ba kasafai ake gani a ƙasar Hausa ba. An bar birnin a farkon ƙarni na 18, sarauta ta koma Birnin Kabi. Gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma tun 2007 yake cikin jerin share fage na UNESCO, yana jiran shiga sahun Sukur da kurmin Osun. Ya mai karatu, a lura: Malayawa ɗakunan bautar gumaka suka tsare, mu kuwa birnin sarki mai suna Muhammadu muka bar wa ciyawa.

Masu ganin cewa kula da irin waɗannan wurare rage darajar jihadi ne, su koma ga jagororin jihadin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri, ya tsaya ya ba da labarin daulolin da suka gabace su, har da Kabi da Kanta. Alƙur'ani kansa ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa don duba ƙarshen waɗanda suka shuɗe. Yaya za a yi wa'aztuwa da kufan da aka bari ya shafe?

Sakacin nan yana da farashi. Mutum-mutumin yumɓu da aka haƙo a ƙasar Sakkwato da Katsina sun bi dare sun tsallaka Turai, har aka sa su cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke fuskantar sata a shekarar 2000. Masu haƙar sun lalata wuraren, don haka abin da ƙasar za ta gaya mana game da maƙeransu ya tafi ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Roƙona bai da tsada. A shata iyakar Surame da Alkalawa, a ɗauki masu gadi daga ƙauyukan da ke kewaye, a biya su a kan kari. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta mayar da wuraren fagen binciken ɗalibanta, makarantun sakandare su riƙa kai yara, kamar yadda ake kai su Hubbare da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu.

Ɗalibin nan dai ya rubuta sunansa cikin masu tafiya. Na ce masa ya zo da littafin rubutu da takalmi mai ƙwari, domin ƙaya ta yi yawa a kan hanyar.