Zancen Gida da Hanya: Tsawon Safa Yana da Iyaka

 Kwanan baya mun raka wata 'yar'uwa tashar Mando a Kaduna. Muna tsaye a bakin kwana sai ga wata doguwar safa ta karyo. Kanta ya wuce mu da nisa, amma tayar baya ta hau gefen titi, saura kaɗan ta taka wani yaro mai tallar ruwa. Direban bai ma gan shi ba.

Ga dalili. Idan doguwar mota ta sha kwana, tayoyin baya ba su bin sawun na gaba, sukan yanko ta ciki. Gindinta kuwa yakan karkata waje. Gwargwadon tsawon mota, gwargwadon wurin da take ci. Saboda haka ne hukumomi suka sa iyaka. A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar 2002 ta ce safa mai layin taya biyu kada ta wuce mita 13.5, mai layi uku mita 15, mai gaɓa a tsakiya kuma mita 18.75. A Amurka sai a 1991 dokar tarayya ta buɗe manyan hanyoyi ga safa mai ƙafa 45. An auna waɗannan ne da faɗin kwana.

A nan gida muna da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, da dokokin hanya na 2012. Amma sau nawa muke ganin ƙaramar bas a tashar Kawo, an buɗe ƙofar baya, an ɗaure buhuna da katifa suna reto a waje, ta nufi Zariya? Maƙerin mota ya auna tsawonta da birkinta, mu kuma mun ƙara mata da igiya. Mu fasinja muna da hannu a ciki, gama kayanmu ne.

To, me za mu yi? Mu koya wa yaranmu kada su tsaya a bakin kwana ko shataletale sa'ad da babbar mota take juyawa. Su ja da baya, ko da kanta ya riga ya wuce. Maigida mai mota ko babur, kada ka kutsa tsakanin safa da gefen titi. Kafin ka wuce ta a hanyar Kano, tuna cewa mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa ɗaya. Uwargida kuma, in kin ga kaya sun zarce bayan mota, ki haƙura ki jira ta gaba. Gara a jira ki da abinci ya huce, da a zo gaishe ki a asibiti.

Sai wata mai zuwa.