Kura da Shan Bugu a Ɗakin Gwaji

Duk mai ɗan'uwa da ke fama da ciwon suga ya ji sunan Ozempic, allurar nan ta mako-mako da kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya samu izinin sayarwa a Amurka a 2017. Masu hali ma sun mayar da ita maganin rage teɓa. Kamfani ya sha yabo, likitoci sun sha nasu. Ni kuwa labarin wata mata mai suna Svetlana Mojsov ne ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Sai mun fara da sana'arta. Gaɓoɓin jikinmu suna aika wa juna saƙo da wasu ƙananan sinadarai da ake kira feftayid. Kwatanta su da carbi: kowace ƙwaya amino asid ce, iri 20 ne jiki ke aiki da su, kuma jerin da aka yi musu shi ne saƙon. Insulin ƙwaya 51 ne. Oksitosin, mai tayar da naƙuda da zubo da nono, 9 kacal. A sauya ƙwaya ɗaya, saƙon na iya lalacewa. A da, jera irin wannan carbi a ɗakin gwaji wahala ce tsagwaronta, domin bayan kowace ƙwaya sai an tace, kuma kowace tacewa da asararta. A 1963 Bruce Merrifield na Cibiyar Rockefeller a New York ya fito da dabara: a ɗaure ƙwayar farko a jikin wani ɗan mitsitsin dutsen roba, a riƙa ƙarawa ana wanke ragowar sinadari, carbin yana nan ɗaure ba ya bin ruwa. Ita ta ba shi kyautar Nobel a 1984.

A hannun Merrifield Mojsov ta koyi aiki. Haifaffiyar Skopje ce a tsohuwar Yugoslabiya. A farkon shekarun 1980 ta koma babban asibitin Massachusetts a Boston, tana kula da sashen haɗa feftayid. A lokacin an san akwai wani sinadari mai suna GLP-1 mai tsawon ƙwaya 37, amma in an gwada shi ba ya taɓuka abin kirki. Da ta ƙura wa jerin ido, ta kwatanta shi da gulukagon, wani feftayid da ta sha haɗawa a Rockefeller, sai ta ce jiki yana yanke ƙwaya 6 na farko, sauran 31 ɗin su ne saƙon gaskiya. Ta haɗa shi da hannunta, ta nemo shi a hanjin ɓera, sannan a 1987 ita da Gordon Weir da Joel Habener suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa yana sa jiki ya saki insulin. Aibinsa ɗaya: cikin minti biyu jini ya narkar da shi. Aikin da masanan Novo Nordisk irin su Lotte Knudsen suka yi daga baya shi ne maƙala masa jelar kitse don ya daɗe a jiki, daga nan Ozempic ta samo asali.

To, da takardun mallakar fasaha suka fito, sunan Habener ne kaɗai a kai. Sai da ta shafe shekaru tana jayayya kafin a ƙara nata. A 2021 aka ba da kyautar Gairdner ta Kanada kan wannan bincike ga maza uku, ba ta ciki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ba ina cewa mutanen nan ba su yi aiki ba ne; sun yi, kuma ba ƙarami ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake kallon mai haɗa sinadari kamar ɗan aike, wanda aka ce ya kawo kaya ya kawo. Alhali a nan ita ce ta san kayan da ya kamata a kawo.

Masu wannan sana'a sun daɗe da haɗa kai. Na Turai sun fara taronsu a Prague a 1958, ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Gabas da Yamma. Na Amurka a Jami'ar Yale a 1968, suka kafa ƙungiya a 1990, har da kyauta mai sunan Merrifield. Wasu na ganin irin waɗannan taruka shan shayi ne da ɗaukar hoto. Ban yarda ba. A Ƙofar Mata, mai saye shuɗin zane kawai yake gani, amma marina sun san hannun da ya haɗa baba. Amfanin ƙungiyar sana'a ke nan: shaida. Ita ce ya kamata ta fara buɗe baki idan aka tsallake sunan wani, tun kafin 'yan jarida su tono, kamar yadda mujallar Science ta yi da labarin Mojsov a 2023.

Mu ma nan kada mu yi dariyar Boston. Wanda ya zauna a jami'o'inmu ya san takardar bincike mai suna bakwai, biyu daga ciki ba su taɓa leƙa ɗakin gwajin ba, shi kuwa ma'aikacin da ya kwana yana gadin na'ura saboda janareta, sai "muna godiya" a ƙasan shafi, in ma an tuna. Ɗalibi ba ya iya cewa uffan, digirinsa na hannun oga. Ƙungiyoyin masananmu suna iya rubuta ƙa'ida bayyananna kan wanda ya cancanci suna, su kuma buɗe ƙofar da ƙarami zai kai kuka ba tare da ya rasa abincinsa ba. Wannan ba ya buƙatar tallafin kowa daga waje.

Mojsov dai ta karɓi kyautar Lasker a 2024, tare da Habener da Knudsen, shekara 37 bayan binciken nan na 1987, tana da shekara fiye da 75.