Marubutan Da Suka Buga Littafi Da Kuɗin Aljihunsu

Sa'ad da aka rushe Hukumar NORLA cikin 1959, aikin buga littattafan Hausa ya rage a hannun kamfanoni kaɗan, babbansu kuwa shi ne NNPC na Zariya wanda aka kafa cikin 1966. Da darajar Naira ta faɗi daga 1986, takarda ta yi tsada, sai kamfanoni suka fi mai da hankali ga littattafan makaranta, saurayin da ya rubuta labari ya rasa inda zai kai shi.

To, maimakon su zauna jira, sai waɗansu marubuta a Kano suka haɗa kai suka kafa ƙungiyoyi. Wadda ta fi suna ita ce Raina Kama, da Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a cikinta. Kowa ya biya maɗaba'a da kuɗinsa, sa'an nan a cikin littafinsa ya jera sunayen littattafan 'yan'uwansa, watau kowane littafi yana tallar saura. Ta wannan hanya aka sami Alhaki Kuykuyo Ne cikin 1990, da In Da So Da Ƙauna cikin 1991.

Amfanin da jama'a suka samu a fili yake. Matan aure da 'yan mata da yawa sun ƙware da karatun boko don son waɗannan labarai, aka kuma fito da zancen auren dole da wulaƙancin saki, abubuwan da a dā akan rufe.

Amma fa akwai gyara. Littafin da ba wanda ya duba kafin bugu yakan fito da kurakuran rubutu, waɗansu kuma iyaye sun yi kuka da su. Gwamnatin Kano ta kafa hukumar tacewa cikin 2001, har aka ƙone waɗansu littattafai cikin 2007. A ganinmu wuta ba ta gyara rubutu. Ga shi yanzu labarai da yawa sun koma wayar hannu, inda ashana ba ta kai.

Saboda haka magani yana wurin malamai da ma'aikata masu ilmi. Su shiga ƙungiyoyin marubuta na garuruwansu, su duba rubutun yara kafin ya fita, su sayi mai kyau su ajiye a laburaren makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu dace, amin.